Kumburin Loɓa: Ciwon Da Kunya Ke Hana A Kai Yaro Likita

Akwai ciwace-ciwacen da ake saurin saɓa yaro a kafaɗa a nufi likita saboda su, irin su zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda. Akwai kuma waɗanda ake rufewa a cikin ɗaka, domin wurin da suka fito wuri ne da bakin Bahaushe ke nauyin ambata. Kumburin loɓa, wato fatar nan da ke lulluɓe kan gaban ɗa namiji kafin a yi masa kaciya, yana cikin kashi na biyu.

Uwa za ta ga ɗanta yana tsala kuka duk lokacin da zai yi fitsari, ta duba ta tarar wurin ya kumbura ya yi ja, amma ta rasa bakin da za ta gaya wa maigida. In aka yi rashin sa'a ɗan fari ne, to ga kunyar ɗan fari ta ƙaru a kan ta wurin. Sai a shafa ɗan man shanu, a ce bari a gani zuwa gobe. Sau da yawa Allah kan taƙaita, kumburin ya saɓe. To amma akwai irin kumburin da ba ya jiran gobe, wanda in aka kwana da shi yaro na iya samun naƙasar da za ta bi shi har girmansa. Sanin bambancin waɗannan biyun shi ne dalilin wannan rubutu.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Wani zai ce, mu da muke yin kaciya, ina ruwanmu da ciwon loɓa? Gaskiya ne kusan duk wani baligi namiji a Nijar yana da kaciya. A duniya baki ɗaya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta a shekarar 2007 cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na maza masu shekara 15 zuwa sama suna da kaciya, kuma kusan kashi biyu bisa uku na cikinsu Musulmi ne.

Sai dai a ƙasar Hausa ba a saba yin ta tun yaro yana jinjiri ba. Al'adar da muka gada ita ce a jira yaro ya kai shekara 6 ko 7, wani lokaci har ya wuce, sannan a tara shi da tsararrakinsa a lokacin ɗari a kira wanzami. Wannan ya yi daidai da abin da malaman mazhabar Malikiyya suka fi so, wato a yi wa yaro kaciya a lokacin da ya fara famfara, lokacin da ake umartarsa da salla. Ko da yake a birane irin su Maraɗi da Yamai iyaye da dama sun koma yin ta da wuri a asibiti, a ƙauyukan gundumar Dakoro, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Sabon Mashi zuwa rugage da zangunan kwarin Tarka, yara masu yawa na kai wa waɗannan shekaru da loɓarsu. Ke nan shekara 6 ko 7 cur fatar tana hannun iyaye, kuma a cikin waɗannan shekarun ne matsalar ke aukuwa.

Yadda fatar take a halitta

Abu na farko da ya kamata kowace uwa ta sani shi ne, jariri ana haihuwarsa ne da loɓa manne da kan gabansa, bakinta kuma a tsuke. Wannan ba ciwo ba ne, haka halittar take. Fatar tana rabuwa da kanta sannu a hankali yayin da yaro ke girma.

Wani likitan yara na Ingila mai suna Douglas Gairdner ya wallafa bincike a kan haka a shekarar 1949. Ya gano cewa jarirai 4 kacal cikin 100 ne ake iya jan loɓarsu baya gaba ɗaya a lokacin haihuwa, amma kafin a cika shekara 3 sai ta riƙa janyuwa ga kimanin 90 cikin 100. Bayansa, a 1968, wani likitan ƴan makaranta na ƙasar Danmak, Jakob Oster, ya bi diddigin yara shekara da shekaru, ya tarar tsukewar bakin loɓa tana ga yara 8 cikin 100 a shekara 6 zuwa 7, amma a shekara 16 zuwa 17 ta rage ga 1 kaɗai cikin 100, ba tare da an yi masu komai ba.

Saboda haka uwar da ta ga fatar ɗanta ba ta ja baya, kada ta ce sai ta buɗe ta da ƙarfi don ta wanke ciki. Garin gyaran gira ake rasa ido. Ja da ƙarfi yana tsaga fatar, tsagar ta yi miki, mikin ya warke da tabo, tabon kuma ya ƙara tsuke bakin fiye da da. Haka nan wasu ƴan fararen ƙulli da akan hango a ƙarƙashin fatar, waɗanda iyaye ke zaton mugunya ce, galibi tarin maiƙo ne da matattun ƙwayoyin fata, kuma su ne ma ke taimaka wa fatar ta rabu. Akwai kuma yaron da in yana fitsari sai loɓar ta cika ta yi kamar balan-balan sannan ta saɓe. Muddin fitsarin na fita sosai ba tare da zafi ba, wannan ma yakan wuce da kansa.

Abubuwan da ke kawo kumburi

Mafi yawan kumburin da ake gani ga yara shi ne wanda likitoci ke kira balanit. Ragowar fitsari da datti ne ke taruwa a ƙarƙashin fatar, wurin ya jiƙe ya yi ɗumi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa. Alamominsa su ne ja, da kumburi, da ƙaiƙayi, da zafin fitsari, wani lokaci har da ruwa mai kauri da wari yana fita daga bakin loɓar. A yankinmu na arewacin Dakoro, inda rijiyoyi ke da zurfi kuma ruwa ke da tsada a lokacin rani, yaro kan yi kwanaki ba wanka yana wasa a cikin rairayi ba wando, wannan kuwa yana ƙara yawan abin.

Na biyu, abin da aka shafa. Sabulu mai ƙarfi, ko omon wanki da ba a ɗauraye daga wando ba, ko turare, ko man zafi, duk suna iya ƙona wannan fata domin ta fi sauran fatar jiki laushi. Jariran da ake sa wa kunzugun leda na zamani su ma sukan samu haka idan aka bar shi jiƙe tsawon yini a lokacin zafi.

Na uku, cizon ƙwari da rauni. Cinnaka ko tururuwa ta ciji yaro a wurin, ko ƙarangiya ta maƙale, sai fatar ta hau ta yi suntum cikin ɗan lokaci, domin fata ce sakakkiya mai saurin tara ruwa. Irin wannan kumburin yana ba da tsoro a ido, amma yawanci ƙaiƙayi ya fi zafi yawa, yaro yana fitsarinsa lafiya, kuma yakan sauka cikin kwana ɗaya zuwa uku. Zip ɗin wando ma yakan datse fatar ga ƴan makaranta.

Na huɗu, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne zare ko silin gashi. Zaren tufafi, ko gashin uwa da ya zube, yakan naɗe gaban jariri ya shaƙe shi, ya nutse cikin kumburin har ba a ganinsa. Akwai kuma yara masu ƙiriniya da kan ɗaura wa kansu roba ko zare a wasa, su ji tsoron faɗi. Duk jaririn da ke kuka ba ƙaƙƙautawa ba a san dalili ba, a kwance shi a wuri mai haske a duba gabansa da yatsun hannu da na ƙafa. In an ga zare ya nutse, kada a sa reza a gida, a garzaya likita.

Na biyar, kumburin da asalinsa ba daga wurin yake ba. Idan loɓa da maraina sun kumbura tare da ƙafafu da fuska, to wannan alama ce ta wani ciwo a cikin jiki, ko dai tamowa mai kumburi, ko ciwon ƙoda. Iyaye mata na Dakoro sun san irin wannan kumburin tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa na ɗan lokaci, in wurin ya loɓa bai taso nan da nan ba, to maganin ba na shafawa ba ne, yaron asibiti yake buƙata a ranar.

Wanda ba ya jiran gobe

Mu zo kan mafi haɗari, wanda likitoci ke kira parafimozis. Yadda yake faruwa shi ne, a ja loɓa baya, ko uwa wajen wanka, ko yaro da kansa wajen wasa, sannan a manta ba a mayar da ita ba, ko kuma ta ƙi komawa saboda bakinta tsukakke ne. Sai bakin nan ya zama kamar zobe ya shaƙe bayan kan gaban. Jini yana shiga amma ba ya iya komawa yadda ya kamata, sai wurin ya kumbura, kumburin ya ƙara matse zoben, zoben ya ƙara kumburin. Haka abin zai yi ta ƙaruwa awa bayan awa. In aka daɗe, jinin da ke shiga ma sai ya tsaya, naman ya fara mutuwa.

Gane shi ba wuya. Kan gaban yana waje a buɗe ga yaron da ba a yi wa kaciya ba, bayansa kuma ga fata ta kumbura ta kewaye shi kamar gammo, yaro yana kuka ba ya bari a taɓa. Idan launin kan ya fara komawa shuɗi ko baƙi, ko fitsari ya ƙi fita, to an shiga lokacin da kowane minti ke da daraja.

Wanda ke cikin gari, ya ɗauki yaro ya tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda ke nesa, a ruga ko a ƙauyen da sai an nemo kabu-kabu ko amalanke, akwai abin da zai iya gwadawa kafin abin hawa ya iso. A wanke hannu da sabulu. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi, a naɗe wurin, a dunƙule hannu a kai a matsa a hankali ba tare da saki ba na minti 5 zuwa 10, domin ruwan kumburin ya ragu. Sannan a shafa bazilin, a sa manyan yatsu biyu a tura kan gaban ciki, sauran yatsun kuma su jawo fatar gaba. In ta koma, alhamdu lillahi, amma duk da haka a kai yaro a duba shi. In ta ƙi, kada a yi ta nanatawa, kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata, kada kuma a tsaga da aska. A hau hanya.

A likita, ma'aikata suna da maganin kashe zafi da dabarun sauke kumburi, kuma mafi yawan lokuta da hannu ake mayar da fatar. In ya gagara, sai a yi ɗan tsagi a saman zoben a sake shi, bayan kumburi ya sauka a yi kaciya. Rigakafin wannan masifa kuwa kalma ɗaya ce: duk wanda ya ja loɓa baya, ya mayar da ita kafin ya tashi.

Kulawa a gida

Ga kumburi mai sauƙi, wanda yaro ke fitsari lafiya, ba zazzaɓi, fatar kuma tana mazauninta, abin yi shi ne a zaunar da yaro a cikin kwano mai ruwan ɗumi na kamar minti 10, sau biyu ko uku a yini. Ana iya sa ɗan gishiri kaɗan. Kada a sa sabulu a wurin har ya warke. A tsane da tsumma mai tsabta, a sa masa wando sakakke na auduga, a ba shi ruwa ya sha da yawa domin fitsarin ya rage zafi. In zafin ya dame shi, a ba shi parasetamol gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa bisa nauyinsa.

Abubuwan da za a guje wa su ne toka, da man birki, da man zafi, da kanwa, da barasar wanke miki. Haka nan ɗabi'ar nan ta sayen kafso a hannun masu tallar magani a kasuwa a fasa a barbaɗa garin a kan wurin, ba ta warkarwa, sai ma ta ƙara ƙona fatar. Likita ne zai duba ya san ko kumburin na ƙwayar bakteriya ne mai buƙatar antibiyotik, ko na funfunar nan ce da ake kira kandida mai buƙatar wani man daban.

Idan an kwana biyu ba sauƙi, ko mugunya na fita, ko jan ya bazu zuwa mara, ko zazzaɓi ya shigo, ko yaro ya wuni bai yi fitsari ba, to aikin gida ya ƙare. Yaron da abin ke yawan dawo masa, ko bakin loɓarsa ya yi fari ya taurare kamar tabo, shi ma a kai shi. Akwai man shafawa na kortikoyid da likita kan rubuta na sati 4 zuwa 8 wanda ke sassauta tsukewar ga yara da yawa, ko kuma ya ba da shawara a gaggauta kaciyar. Sai dai a kiyaye, ba a yin kaciya a kan fatar da ke cikin kumburi da mugunya, sai an warkar da ita tukuna.

Manya fa?

Baligin da ya ga kan gabansa yana yawan yin ja da ƙaiƙayi da tsattsagewa, ya je a auna masa sukari, domin sau da yawa wannan ce alamar farko da ciwon sukari ke nunawa. Idan kuma akwai miki ko ruwa na fita bayan saduwa, to ana zargin ciwon sanyi, kuma magani sai an haɗa da iyali, in ba haka ba zai yi ta zagayawa tsakaninsu. Mikin da ya wuce sati uku ko huɗu bai warke ba, a nuna wa likita.

A nan ya dace a tuna cewa gwaje-gwajen da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, da Kisumu ta Kenya, da Rakai ta Yuganda, sun nuna kaciya tana rage haɗarin namiji ya ɗauki sida daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100, abin da ya sa OMS ta amince da ita a matsayin hanyar rigakafi a watan Maris na 2007. Ragewa aka ce, ba karewa gaba ɗaya ba.

Kumburin bayan kaciya

Da yake kaciya ita ce ƙarshen zancen loɓa a wajenmu, dole a ce wani abu a kanta. Ɗan kumburi da ja a kwanakin farko abu ne da aka saba, haka ma wani rawayan ɓawo da kan fito a kan mikin. Na jariri kan warke cikin kwana 7 zuwa 10, na babban yaro kuwa yakan ɗauki makonni. Wani nazari da Helen Weiss da abokan aikinta na Landan suka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna ana samun matsala ga kimanin 1.5 cikin 100 na jarirai, amma ga yaran da suka wuce shekara ɗaya adadin ya kai kimanin 6 cikin 100, ko da ma'aikatan lafiya ne suka yi. Wannan abin dubawa ne ga iyayen da ke tunanin lokacin da ya fi dacewa.

Alamomin haɗari bayan kaciya su ne jinin da ya ƙi tsayawa, da kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da wari, da zazzaɓi, da baƙin launi, da rashin fitsari. Ɗauri mai tsanani kaɗai na iya toshe jini da fitsari. Sai kuma babban abin tsoro, tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, wanda ƙwayarsa ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni. Yaron da ya kasa buɗe baki ko wuyansa ya sandare bayan kaciya, ba iska ba ce, asibiti za a nufa. Kafin a yi kaciya a duba katin rigakafin yaro a tabbatar ya samu allurar Penta sau 3, domin maganin tetanos yana cikinta.

Wanzamai iyayenmu ne, sana'arsu gado ce, kuma a wurare da yawa su ne kusa da jama'a. Roƙon da ake yi masu shi ne, kowane yaro da rezarsa sabuwa, a wanke hannu tsakanin yaro da yaro, a daina zuba toka ko kashin dabba a kan miki. Aska ɗaya ga yara goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da sida. Akwai kuma yaran da bai kamata wanzami ya taɓa ba: wanda a danginsa, musamman wajen kawunnansa na uwa, akwai masu zubar jini ba tsayawa, da wanda aka haifa ƙofar fitsarinsa tana ƙasa maimakon a tsinin gaba. Na biyun nan, fatar da za a yanke a jefar da ita likitan tiyata ke amfani wajen gyara masa hanyar.

Ina za a nufa?

Matakin farko shi ne ƙaramin gidan likita na ƙauye, irin waɗanda aka gina da yawa a zamanin shugaba Tanja Mamadu, ko kuma CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura zuwa asibitin gunduma da ke Dakoro, daga nan kuma zuwa babban asibitin jaha a Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100. A shekarar 2006 gwamnati ta shelanta kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, waɗannan kuwa su ne shekarun da kumburin loɓa ya fi yawa. Ko a inda aka ce magani ya yanke sai an saya, kuɗin man shafawa bai kai kuɗin tiyata da jinya a Maraɗi ba.

Kira na musamman ga iyaye maza: uwa ce ke gani, amma izinin fita da kuɗin mota suna hannunku. Ku sauƙaƙa mata faɗi, in kuma ta faɗa kada ku ce a bari sai ranar kasuwa. Kakanni mata, ku da ake jin maganarku a gida, ku riƙa tambayar ƴaƴanku da surukanku, musamman masu ɗan fari. Yaran da suka yi wayo kuma a koya masu tsarki da ruwa bayan fitsari, a nuna masu cewa in wani abu ya same su a wurin su faɗa, ba duka ba faɗa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.